Kifin da ke kan hanya, na wane ne?

Duk wanda ya tashi a kwarin Gulbin Maraɗi, tsakanin Tsibiri da Gidan Sori da Gidan Rumji, ya san daren da ruwan fari yake isowa. Gulbin da ya kwashe watanni yana rairayi, har amalanke na ratsa shi, sai a wayi gari ya ɗauko jan ruwa ya malala cikin fadama. A irin wannan lokaci ne tarwaɗa take barin gurabun da ta yi rani a ciki, ta kutsa cikin ciyawa inda ruwa bai kai gwiwa ba, domin ta zuba ƙwai. Ba ta da wayo a wannan dare. Yaro ma da sanda da fitila yana iya cika kwando.

Ina cikin waɗannan yara a ƙarshen shekarun 1980. Wata rana na kawo gida wata ƙatuwar tarwaɗa ina taƙama, da aka farke cikinta sai ga ƙwai cunkus. Wani tsohon masunci maƙwabcinmu ya leƙo ya duba, ya ce da ni: «Yaro, yau ka ci iri.» Daga haka bai ƙara ba, kuma bai ƙi karɓar nasa rabon ba da aka aika masa.

Abin da ya tuno mini da wannan magana wani darasi ne na Faransanci, inda muka karanta bayanin wani kifi na ƙasashen sanyi da ake kira samon. Da na gama bayani, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, tun da kifin nan mutuwa zai yi in ya zuba ƙwai, mene ne laifin wanda ya kama shi ya ci?» Tambayar ta fi ƙarfin minti biyar da suka rage mana, shi ya sa na kawo ta nan gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.

Bari mu fara sanin kifin. Mafi girma a dangin samon na tekun Fasifik shi ne shinuk, wanda ya ci sunan wata al'umma da ke zaune a bakin kogin Kolumbiya, a arewa maso yammacin Amurka. An taɓa kama wani da ƙugiya a kogin Kenai na Alaska a 1985 mai nauyin kilo 44. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi ƴan shekaru yana ƙiba, sa'an nan ya juyo yana bin ƙanshin ruwan da aka haife shi a ciki. Da ya shiga kogi sai ya daina cin abinci, kitsen jikinsa ne guzurinsa. A kogin Yukon akwai masu yin tafiyar fiye da kilomita 3,000 suna haurawa gaba da igiyar ruwa. In ya isa, macen ta share gurbi da wutsiya ta zuba ƙwai, namijin ya barbare su, ba da jimawa ba su mutu. Ayari-ayari suke shigowa, kowane da lokacinsa. A kogin Kolumbiya ayarin lokacin zafi yakan wuce daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli, wato daidai lokacin da mu nan muke shuka, tarwaɗarmu kuma take shiga fadama.

To, ɗalibin nan yana da gaskiya ta wani gefe: kifin mutuwa zai yi. Amma tsakanin kama shi a hanya da barinsa ya isa akwai ƙwai dubbai. Kifi ɗaya ne, nama ɗaya ne, sai dai kafin ya zuba ƙwai iri ne, bayan ya zuba kuma ya riga ya sauke abin da ya ɗauko. Saboda haka a wurin lokaci maganar take, kuma daga nan tambayata ta taso: kifin da ke kan hanyarsa ta haihuwa, na wane ne?

Amsa ta farko, wadda ta fi saurin zuwa baki, ita ce na wanda ya kama ne. Ba amsar banza ba ce. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa abin da ba shi da mai shi, kamar kifin gulbi da itacen daji, yana zama mallakar wanda ya riga kai hannu. Masunci ya kwana cikin sanyi, ya ɗinke komarsa, ya bar iyali da yunwa a gida. Wa zai ce guminsa bai halatta masa abin da ya samu ba? Sai dai wannan hukunci ya ginu a kan cewa hannun mutum gajere ne, gulbi kuma mai faɗi. Masu iya magana sun ce kifi na ganinka mai jar koma, ma'ana shi ma kifi yana da tasa dabarar tsira. Yau kuwa akwai tarun leda mai ƙananan idanu, akwai gidan sauro da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma abin tace ƴaƴan kifi, ga kuma tsohuwar ɗabi'ar zuba magimfa a gurbi. Idan mutum ɗaya yana iya tare mashigar fadama baki ɗaya a dare guda, to «na riga kai hannu» ya zama «na hana kowa har baɗi».

Amsa ta biyu ita ce kifin na jama'ar da ke shan wannan ruwa ne. Kakanninmu a nan suka tsaya, shi ya sa suka naɗa sarkin ruwa, wanda ke rufe tabki ya kuma buɗe shi, a shiga su rana ɗaya, kowa da komarsa. A Argungu har yanzu ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, bikin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin mamaki, ƴan asalin gaɓar Fasifik, waɗanda ba su taɓa jin sunan Kabi ba, sun yi irin wannan tsari. Kifin farko da aka kama a shekara akan girmama shi, a raba wa jama'a, a mayar da ƙasusuwansa cikin kogi, kuma a wurare da dama ba a sakin mutane su shiga su sai an gama wannan hidima. Kafin nan ayarin farko ya wuce. A yau ma'aikata ke ƙirga kifin da ke haura matakalar da aka gina masa a madatsar ruwa ta Bonneville, da wannan ƙidaya ake buɗe lokacin su ko a rufe. Kifin da aka raina a gidan kiwo akan yanke masa wani ɗan ƙaramin fiffike na baya, domin masunci ya gane shi ya riƙe, ya saki na daji. Kayan aiki sun sake, amma aikin sarkin ruwa ne ake yi.

Ni dai ina ganin akwai amsa ta uku a cikin maganar tsohon nan. Manomin ƙasar Gobir ya san cewa damin da aka ware na iri yana cikin rumbunsa, amma ba shi da ikon daka shi. Na damana mai zuwa ne, na jaririn da ke goye ne. Haka kifin da ke ɗauke da ƙwai: wanda ya tsaya a bakin hanya yana da ikon kamawa, amma ajiya ce ta biyo ta gabansa. Iko daban, mallaka daban. Masu ajiyar kuwa ba su da bakin magana a fada, domin ba a haife su ba tukuna.

A nan ne mai hankali zai tare ni, kuma ya kamata ya tare ni. Zai ce: Malam, kai mai albashi ne. Mun ga 2005 a wannan jiha ta Maraɗi, lokacin da gidaje da yawa suka cinye irinsu, ba don rashin sani ba, sai don yaro na kuka. Da wane baki za ka ce wa irin wannan magidanci ya saki tarwaɗa saboda jikan da bai gani ba? Gaskiya ne, kuma ba ni da hujjar da zan ɗora wa mayunwaci laifi. Wanda larura ta sa ya ci iri bai yi zalunci ba, hasara ya yi, ya kuma fi kowa sanin girmanta. Amma larurar mutum ɗaya a shekara ɗaya ba ta zama izni ga mai ƙoshi da ke loda buhunan banda zuwa kasuwa kowace damana.

Bugu da ƙari, ba masunci ne kaɗai ke tsaye a kan hanyar kifi ba, ba shi ne ma ya fi tare ta ba. Madatsar ruwa ta Grand Coulee da aka kammala a farkon shekarun 1940 ba a yi mata matakalar kifi ba, sai ta yanke wa manyan shinuk na lokacin zafi hanyar zuwa saman kogin Kolumbiya gaba ɗaya. A 1957 wata madatsar ta nutsar da Selilo, inda ƴan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna su. Mu ma muna da namu misali. Gulbinmu daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa mu, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da Rima. Madatsar Jibiya da aka gama a 1989 ta amfani manoman rani na can, amma dattawan kwarin nan sun shaida cewa malalar ruwa ta sake tun daga lokacin. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na wannan gulbi. Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce a fiƙihunmu: na sama ya shayar da gonarsa gwargwado, sa'an nan ya saki ruwa ga na ƙasa. Kuma kada mu manta, mu da muke ƙasa da Jibiya, muna sama da mutanen Rima.

Ke nan hani yana zama adalci ne idan an raba nauyinsa, aka kuma fara da mai ƙarfi. A 2024 Alaska da Kanada suka amince a dakatar da kamun shinuk na kogin Yukon har shekara 7, kimanin tsawon rayuwar kifin, har da na ci a gida. Mutanen ƙauyukan bakin kogi sun ji zafin abin ƙwarai, kukansu kuwa shi ne manyan jiragen su na teku suna ci gaba da haɗawa da samon a cikin tarunsu. A wannan shekara ta 2024 aka gama rushe madatsu 4 a kogin Klamath, bayan doguwar fafutukar ƴan asalin yankin, kuma kafin shekarar ta ƙare aka ga shinuk a wuraren da ya yi fiye da shekara 100 bai kai ba. Da aka buɗe hanya, kifi bai ɓata ba.

Mene ne namu a ciki, mu masu alli da allo? Ba mu da ikon buɗe madatsa, amma muna da ƴaƴan masunta a azuzuwanmu, kuma ƙungiyoyinmu suna da kunnen hakimai da magadan gari. Muna iya neman a mayar wa sarkin ruwa da maganarsa a tabkuna irin na Madarunfa da ƙananan gurabun kwarin nan, a keɓe makonnin farko na malala, a kuma tanadi abin da masunci talaka zai ci a cikin waɗannan makonni, domin dokar da ba ta zo da tuwo ba a cikin dare ake karya ta. Ɗalibina kuwa, da muka sake haɗuwa, na tambaye shi ko a gidansu ana dakan gero na iri. Ya ce sai in babu yadda za a yi. Na ce to haka kifin yake.

Allah ya ba mu damana mai albarka.