Amanar da aka ci wa Habasha

Abokin gaba ba ya cin amana, domin tun farko ba wanda ya ba shi ajiya. Mai cin amana shi ne wanda ya ce maka ka kwantar da hankalinka, yana nan. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen Habasha, laifin Landan da Faris ya fi tsaya mini a rai, ko da yake Musolini na Italiya ne ya zubar da jinin.

Habasha ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1923, bisa alkawarin cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa kowa. Ran 3 ga Oktoba 1935 sojojin Italiya suka tsallako daga Eritiriya. Ƙungiyar ta ɗora wa Italiya laifi, ta sa mata takunkumi, amma aka tsame man fetur daga ciki, alhali da shi tankoki da jiragen yaƙi suke motsi. Mashigin Suwez, inda Ingila ke da ƙarfin faɗa a ji, aka bar shi a buɗe, jiragen ruwa na ta wucewa da sojoji da makamai.

A Disambar shekarar, Samuel Hoare, ministan harkokin wajen Ingila, da Pierre Laval, firaministan Faransa, suka ƙulla shiri a asirce: a yanka wa Italiya babban kaso na ƙasar, ba tare da an ji ta bakin Sarki Haile Selassie ba. Jaridu suka tona asirin, Hoare ya sauka. Abin takaicin shi ne mutanen nan ba gaba suke yi da Habasha ba. Tsoron Hitler suke ji, suna neman Musolini ya zauna a ɓangarensu, sai suka biya shi da ƙasar da aka ba su amanar tsaronta. Cin amana yakan zo ne a haka, daga bakin masu ladabi, da hujjar da za ka rantse hikima ce.

Kuma cinikin bai ko biya ba. A Maris 1936 Hitler ya tura sojoji yankin Rhineland, ba wanda ya hana shi. Adis Ababa ta faɗi ran 5 ga Mayu. Ran 30 ga Yuni Sarkin ya tsaya gaban Ƙungiyar a Janeba yana bayyana yadda aka yi wa mutanensa ruwan iskar guba, amma a watan Yuli aka janye takunkumin. Kafin shekarar ta ƙare Musolini ya koma gefen Hitler. Irin wannan ciniki aka sake yi da Hitler a Munik, a Satumbar 1938: wakilan Cekoslobakiya a waje aka bar su suna jira, manya na ciki suna rabon ƙasarsu.