Tsohuwar Mota da Sabon Inji: Ina Iyakar Gyara?

A wani gareji da ke Ikorodu mun taɓa tarar da gardama tsakanin wani matashi da bakanikensa a kan mota ƙirar Peugeot 504, wadda bakinmu ya fi sabawa da kira Fijo. Matashin ya gaje ta ne daga mahaifinsa, wanda ya yi fataucin goro a Agege. Motar ta soma nishi in ta ɗauki kaya, shi kuwa yana son ƙara mata ƙarfi. Bakanike ya ce abu mai sauƙi ne: a nufi Ladipo ko Owode Onirin a sayo injin tokunbo na Toyota a ɗora mata. Sai matashin ya tambaya: "To Oga, in aka yi haka, motar Baba ce har yanzu? In kuma na tashi sayarwa, me zan ce wa mai saye?" Waɗannan tambayoyi biyu su ne abin nazarinmu.

Tambayar farko tsohuwa ce. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana falsafa suka yi saɓani kan ko jirgin nan shi ne na asali. Mu ma muna da kwatankwacin wannan a gida. Sorayen ƙasa na Kano da Zariya sai an riƙa yi musu yaɓe kafin su jure damina, amma ba wanda ya ce gidan kakansa ya zama wani gida don an sabunta yaɓensa. Ashe ke nan sauyi kaɗai ba ya kashe asali. Abin dubawa shi ne wane irin sauyi.

Ita 504 ba ƙaramar aba ba ce a tarihinmu. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can shekaru masu yawa bayan Turai ta daina. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar haya daga Ikko zuwa Arewa. Yau ta yi ƙaranci, ƙarancin nan kuwa shi ke mayar da tsohon ƙarfe kayan tarihi.

A nan ne kasuwa ta rabu biyu. Mai neman motar aiki ƙarfi yake saye. Mai neman motar tarihi kuwa asali yake saye, shi ya sa yake duƙawa ya duba ko lambar inji ta dace da takardun da motar ta fito da su. A 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, ba don babu motocin da suka fi ta gudu ba. Kusa da mu kuma, a gidan tarihi na Onikan, akwai Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Da wani zai toshe hujojin harsasan da ke jikinta ya yi mata fenti, da ya gyara ƙarfe ya ɓata shaida.

Saboda haka muna iya kasa gyara gida uku. Na farko shi ne mayar da inji yadda aka ƙera shi: wanke kafireto, sauya zoben fistin da fulogi, daidaita wuta. Sau da yawa ƙarfin da ake nema yana nan, tsufa ne ya danne shi. Na biyu shi ne ƙarin da ake iya warwarewa: sa na'urar wuta ta zamani a madadin kontak, ko salansa mai sakin hayaƙi, ko lagireto mai ƙarin sanyaya. Kusoshi ne kawai ake kwancewa, kuma in an adana tsofaffin kayan, mai saye na iya mayar da su. Na uku shi ne wanda ba a komawa: yanke mazaunin inji, yin walda, sayar da injin asali ga 'yan gwangwan. A nan ne ake rasa ido garin neman gira. Bugu da ƙari, inji mai ƙarfi a kan tsohon birki kasada ce da rayukan mutane, ba da dukiya kaɗai ba.

Sai dai kada mu yi wa talaka hukunci da ma'aunin mai wadata. Wanda 504 ɗinsa ke jigilar tumatir daga Mile 12 ba gidan tarihi yake tsaro ba, iyali yake ciyarwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobi da yawa sun mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas. Wa zai zarge su? Mota dukiyar mai ita ce, yana da ikon zaɓar ƙarfi a kan asali. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ci ribar duka biyun ta hanyar ɓoyewa, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan ya kai mu ga tambaya ta biyu, wadda ita ce ta ɗabi'a. Laifin yana farawa ne ranar da aka goge lambar inji aka buga ta ƙarya, ko dillali ya rantse cewa ba a taɓa kwance ta ba. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da haja in ya gano aibin da aka ɓoye masa, domin ciniki a kan yarda yake tsaye. Darajar da ake so a kiyaye ba a cikin ƙarfe kaɗai take ba. Rabinta amincin labarin da ke bin motar ne.

Mu ɗaliban adabi mun san wannan amana. Idan muka juya waƙar ajami zuwa boko mun sauƙaƙa mata tafiya, amma wajibi ne mu adana takardar asali, mu kuma faɗi inda muka sa hannu. Wanda ya gyara baiti ya yi shiru ya yi wa marubuci ƙarya, ya kuma yi wa na baya.

Shawarar da muka ba matashin ke nan: ya fara da gyaran farko, in bai wadatar ba ya ƙara na biyu, ya zuba duk abin da aka cire a akwati, ya rubuta ranar aiki da abin da aka sauya. In ranar sayarwa ta zo, ya miƙa makulli da akwati da takarda tare. Mai yiwuwa farashi ya ragu kaɗan, amma sunan mahaifinsa da aka sani a Agege ba zai ragu ba.