Baƙo A Gonar Talaka

A tsibirin Zanzibar, wanda ya haɗu da Tanganyika a 1964 suka zama Tanzaniya, ana noman kanumfari tun ƙarni na 19. Yau baƙi su kan zo daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi a zaga da su cikin gonaki, su sansana kanumfari da kirfa da masoro. Amma in kuɗin ya maƙale a hannun mai mota da mai masauki, ina rabon wanda ya shuka?

Kada mu ce wannan zancen mutanen teku ne, gama ga shi a ƙofar gidanmu. Rigachikun tana bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, nan ne kuma filin baje koli na duniya ya ke. Da rani mu kan fito daga birni, mu hangi lambu kore shar, mu ratse. Yara su tattake fangali, manya su tsinki abin da ya yi musu kyau, a ɗauki hoton mai lambu ba a tambaye shi ba. Sa'an nan mu taya kwandon tumatir da rabin kuɗinsa, mu koma gida muna cewa mun taimaki talaka.

Wani zai ce, ai ciniki yarda ne, shi da bakinsa ya sallama. Gaskiya ne, amma me ya sa ya sallama? Tumatir ba ya jira, kwana kaɗan ya ruɓe. Mutumin nan ya sayi taki, ya sayi man injin ban ruwa, wataƙila da bashi. Mun san haka, shi ya sa muka matsa masa. Sallamar da tilas ta kawo, da wuya a kira ta yarda.

To, mu bar zuwa ke nan? A'a, zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ya saya a bakin gona ya hutasshe da manomi kuɗin mota da la'adar dillali, 'ya'yanmu kuma za su ga inda miya ta ke fitowa. Sai dai mu je kamar baƙi masu kunya. Mu yi sallama, mu jira izini, mu bi inda ya nuna mana. Mu biya abin da za mu so a biya mu da a ce mu ne muka yini a duƙe cikin rana, mu sa kuɗin a hannunsa.

Ya 'yan'uwa, ran da muka fita daga gonar mutum, bari ya zama shi ne mai cewa, "Sai yaushe kuma?"