Babba da ƙarami, wa ya fi?

A Amurka mata kan harhaɗa guntayen ƙyalle su ɗinka bargo. Akwai wani ɗinki da suke kira "dinya mai tashi". Ƙyalle uku ake yankawa, kowane mai kusurwa uku. Babba a tsakiya shi ne dinya, ƙanana biyu a gefe su ne sararin sama.

To, wane ya fi? Wani zai ce babban, don shi ido ke gani. Amma in ka haɗa ƙananan biyu, girmansu daidai yake da nasa. In ɗayansu ya karkace wajen ɗinki, siffar dinya ta ɓaci.

Haka gari yake. Maigari ake gani, amma talakawa ke riƙe da shi. Kada babba ya rena ƙarami, kada ƙarami ya rena aikinsa.