FITILAR GIDA DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam yadda zai kunna fitila ya kori duhu daga ɗakinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako a kan ƙwan lantarki ne, wannan da muke ratayawa a ɗakunanmu da zaurukanmu da masallatanmu. Wani zai ce ina ruwan filin addini da ƙwan fitila? Amsa ita ce, duk abin da aka saya da dukiya, kuma amfani da shi ya shafi haƙƙin wani, to shari'a tana da magana a kansa. Wanda ya zaga Taba ko Hunƙuyi ko Likoro, ko ya shiga Makarfi da Ikara ranar da aka kawo wuta, zai ga ƙwayaye suna ci da rana tsaka a ƙofar shaguna da gidaje, alhali hasken rana ya cika duniya. Wasu sukan bar su ne don su san lokacin da aka kawo wuta, wasu kuwa sun manta ma akwai makunni a bango.

Kalmar almubazzaranci da muke faɗa da Hausa daga Larabci ta zo, daga tabziri, wanda asalinsa watsa iri ne ko'ina ba tare da lura da inda ya faɗa ba. Malamai sun bambanta shi da israfi. Sun ce israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da ya halatta, tabziri kuwa shi ne kashe dukiya a inda bai kamata a kashe ta ba. Allah Ya hana israfi a aya ta 31 ta Suratul A'arafi, Ya kuma bayyana cewa ba Ya son masu yin sa. A aya ta 26 da ta 27 ta Suratul Isra'i Ya hana tabziri, Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana. Wanda ya sa ƙwai biyar a inda ɗaya zai isa ya yi israfi, wanda kuwa ya bar ƙwai yana ci a ƙarƙashin rana ya yi tabziri, don ba wanda ya amfana da shi.

Mu tuna kuma da gidan wanda aka saukar wa waɗannan ayoyi. Uwar muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda Manzon Allah (S.A.W.) yake sallar dare tana kwance a gabansa, in zai yi sujada ya taɓa ta ta janye ƙafafunta, sa'an nan ta ƙara da cewa a wancan zamani gidaje ba su da fitilu. Bayan da fitila ta samu, Manzon Allah ya umarci sahabbai su kashe ta in za su kwanta, domin ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida. Imamu Nawawi ya yi bayani cewa dalilin umarnin tsoron gobara ne, saboda haka in an aminta daga gobara babu laifi a bar fitilar da ake bukata. To, ƙwan lantarki ba shi da lagwani, amma hanin ɓarnar dukiya yana nan bai gushe ba.

Yanzu sai mu duba ƙwayayen da ke kasuwa, don hukunci a kan abu yana bin sanin abin ne. Iri uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne tsohon jan ƙwai mai siririn zare a ciki, wanda Thomas Edison na Amurka ya shahara da shi tun 1879. Wuta tana gasa zaren ne har ya yi haske, don haka kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha, ko fiye, zafi take zama. Shi ya sa ba ya taɓuwa da hannu, kuma yana ƙara wa ɗaki zafi da bazara. Rayuwarsa kamar awa 1,000 ce. Na biyu shi ne farin ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi, wanda yake shan kamar rubu'in wutar na farko, sai dai akwai zaiba a cikinsa, watau ruwan ƙarfen nan mai dafi, saboda haka in ya fashe a buɗe taga, a kwashe gilashin da hankali, kada a bari yara su yi wasa da shi. Na uku shi ne wanda ake kira LED. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda binciken da ya buɗe hanyar yin sa. Mai kyau daga cikinsa yakan yi awa 15,000 zuwa 25,000.

Ga lissafi mai sauƙi. Jan ƙwai mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. A ce magidanci yana da ƙwai 10, suna ci awa 6 kullum. In jajaye ne, zai sha yunit 108 a wata. In LED ne, abin da zai sha bai kai yunit 17 ba. Bambancin ya wuce yunit 90 a kowane wata, ba tare da an rage wa kowa haske ba. Jan ƙwai ya fi araha ranar saye, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma kafin LED ɗaya mai kyau ya mutu an sayi jajaye fiye da goma.

Zamani ma ya tilasta mana wannan lissafi. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, mai janareta ya san kuɗin kowace awa da injinsa ya yi yana aiki. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin wuta ta ƙasa, watau NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Wanda ba ya cikin wannan rukuni ma ya ga inda farashi ya dosa. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da yawa sun kwashe kwanaki a cikin duhu. Mai ƙaramin sola da batir ya fi kowa sanin cewa jan ƙwai guda ɗaya yana zuƙe abin da LED shida za su sha.

Amma abin da ya fi nauyi a wannan magana shi ne haƙƙin maƙwabci. Gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da mita, ana kawo masu takardar kuɗin wuta ne bisa ƙiyasi. Sai mutum ya ce, tun da ko na kashe ko na bari kuɗin ɗaya ne, me zai sa in wahala? Wannan magana tana da kuskure babba. Wutar da ke shiga gidanka ta taransifoma ɗaya take biyowa da ta maƙwabtanka, kuma taransifoma tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kamar yadda amalanken rake yake da iyaka. In gida 100 kowanne ya kunna jajayen ƙwayaye 10, sun aza mata wat 60,000 a kan haske kaɗai. In LED suka kunna, wat 9,000 ne. Idan nauyi ya yi yawa wuta takan yi rauni, wanda ke ƙarshen layi ya ga ƙwansa ya yi ja kamar garwashi, tela ya kasa aiki, firijin mai sayar da ruwan sanyi ya ƙi tashi. In abin ya ci gaba taransifoma ta ƙone, unguwa duka ta shiga duhu, sa'an nan a bi gida gida ana karo-karo, har da gwauruwa da maraya waɗanda ƙwai ɗaya tak suke da shi.

Ƙa'ida ce tabbatacciya a shari'a, wadda Imamu Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, cewa ba a cuta kuma ba a rama cuta da cuta. Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Manzon Allah wasiyya da maƙwabci ba har Manzo ya zaci za a ba maƙwabci gado. Wanda yake ganin an zalunce shi a takardar kuɗin wuta, yana da haƙƙin ya kai ƙara, ya nemi a sa masa mita, kuma jama'a su haɗa kai su nema tare. Amma barin ƙwai yana ci da sunan ramuwa, maƙwabcinsa ne zai ɗanɗana ta kafin kowa.

Cewa canza ƙwai yana rage wa ƙasa nauyi abu ne da aka jarraba aka gani. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci a Gana, gwamnatin ƙasar ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ta karɓe jajayen, nauyin da ke kan layukanta da daddare ya ragu da fiye da megawat 100. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun janye jan ƙwai daga kasuwanninsu sannu a hankali tsakanin 2009 da 2012. Abin da waɗannan suka yi don tsimi, mu muna da dalili biyu na yin sa, tsimi da neman lada.

To, in ka je saye a kasuwar Makarfi ko a Sabon Garin Zariya, ga abin da za ka duba a jikin kwali. Wat yana nuna yawan wutar da ƙwai zai sha ne, yawan haske kuwa da lumen ake auna shi. Lumen 800 shi ne hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ya isa matsakaicin ɗaki, lumen 450 kuwa ya isa banɗaki ko lungu. In ƙwai biyu sun yi daidai a lumen, ɗauki wanda wat ɗinsa ya fi ƙanƙanta. Akwai kuma lambar da ke ƙarewa da harafin K, ita ce launin haske. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ruwan ɗorawa ne mai taushi, mai 6500 kuwa fari ne fat. Duba gindinsa, mai fil ne ko mai murɗawa, ya dace da mazaunin da ke gidanka. Tun da wutarmu takan yi rauni ta kuma yi ƙarfi, nemi wanda aka rubuta yana jure ƙarancin wuta da yawanta. Kada ka rufe LED a cikin murfin da iska ba ta shiga, don zafi ne yake gajarta masa kwana. In mai shago yana ba da garanti, ya rubuta maka ranar saye.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Akwai jabun ƙwayaye waɗanda abin da aka rubuta a kwalinsu ya fi abin da ke cikinsu, su yi wata ɗaya su dushe. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya sa hannu a cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. In kana da mai kyau da mai araha, faɗa wa mai saye gaskiyar kowanne, ya zaɓa da saninsa.

Kada wani ya fahimci cewa muna kira ga rowa ne. Aya ta 67 ta Suratul Furƙani ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin israfi da ƙwauro. Maigidan da ya bar 'ya'yansa suna tilawa a cikin duhu har idanunsu su lalace, ko ya bar iyalinsa suna girki a tsakar gidan da kunama ke yawo, ya tauye haƙƙin da ke wuyansa. Ƙwai ɗaya a ƙofar gida, wanda zai haska wa mai zuwa sallar Asuba hanya, sadaka ce, sai dai a kashe shi in gari ya waye. Haka kuma kada rangwamen LED ya ruɗe mu mu jera ashirin a bango don ado, mu koma inda muka fito.

Wanda ba shi da halin canza ƙwayayensa gaba ɗaya, ya fara da wanda ya fi daɗewa yana ci, in wani ya mutu ya maye gurbinsa da mai tsimi. Masu hali kuwa su tuna da masallatai da makarantun Islamiyya. Ibnu Majah ya ruwaito cewa sahabi Tamimud Dari ne farkon wanda ya kunna fitila a masallaci, ga shi har yau ana ambatonsa da ita. Ladanai da 'yan kwamitin masallaci da ma'aikatan ofisoshi su tuna da abin da malaman tarihi suka ruwaito game da Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, cewa in yana aikin jama'a yakan kunna fitilar baitulmali, in zance ya koma kan sha'anin gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa.

Allah Ya haskaka zukatanmu da gidajenmu da kaburburanmu, Ya tsare mu daga ɓarnar ni'imarSa da cin haƙƙin maƙwabta, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.