Fom Ɗin da Kake Cikewa Shaida Ce

 

 Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani saurayi ya tsaya jirana a bakin masallaci har kowa ya watse. Ma'aikacin jinya ne, yaro mai ladabi, na san mahaifinsa. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, addu'a nake nema, na shigar da takarduna na zuwa Kanada." Na ce Allah Ya sa alheri, amma yaya aka yi da kuɗin da ake nunawa a banki? Don na san albashinsa bai kai nan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai mai zuba wa mutum kuɗi a asusu, ana biyansa wani kaso duk wata, in an gama ya kwashe abinsa. Na ce shekarun aiki fa? Ya ce biyu gare shi, amma kawunsa mai asibitin kuɗi ya rubuta masa biyar. Sai na ce masa, "Ɗana, wace addu'a kake so in yi? In roƙi Allah Ya makantar da mai duba takardun?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kada wani ya fita ya ce Malam ya haramta tafiya. Ban haramta ba, kuma ba ni da ikon haramtawa. Suratu Ƙuraish tana tuna wa mutanen Makka ni'imar fataucinsu na hunturu da na bazara, Suratul Mulk kuma a aya ta 15 tana umurtar mu da shiga sassan ƙasa mu ci arzikin Allah. Annabi Yusufu, a ƙasar da ba tasa ba, shi ya nemi a ba shi riƙon rumbunan Masar, ya kafa hujja da amanarsa da saninsa. Mu ma ba yau muka fara ba. Kakanninmu fatake sun yi ta safarar goro daga Gwanja, zangon Kumasi da na Akra suna nan da jikokinsu, garin Mai Wurno na Sudan kuma mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da yaran kudu ke kira japa, mu da ci-rani muka san shi, sai dai na yanzu jirgin sama ake hawa, kuma da yawa ba su da niyyar dawowa da faɗuwar damina. Game da zama na dindindin a ƙasar da ba ta Musulmi ba, malamanmu na Malikiyya na da sun tsananta, da yawa daga na wannan zamani kuma sun yi sauƙi bisa sharaɗin mutum ya iya bayyana addininsa, ya tsare na 'ya'yansa. Wannan kowa ya zauna da malaminsa a duba halinsa. Ni yau a kan takardu zan tsaya.

A da, guzurin matafiyi jaki ne da sanda da madugu. Yau takarda ce. Ku ɗauki tsarin Kanada da ake kira Express Entry, wanda aka fara a watan Janairun 2015, don samarinmu da yawa shi suke bi. Maki ake ba mutum, daga cikin 1,200, bisa shekarunsa da iliminsa da ƙwarewarsa a harshe da daɗewarsa a aiki. Sai ya rubuta jarrabawar Turanci irin su IELTS, wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara biyu. Sai wata hukuma irin WES ta tantance digirinsa. Sai ya kawo wasiƙar wuraren da ya yi aiki, da takardar 'yan sanda, da gwajin lafiya, da shaidar kuɗin da zai riƙe kansa, wanda a 2024 ya kai dalar Kanada 14,690 ga mutum ɗaya. In an gayyace shi, kwana 60 gare shi ya haɗa komai. A ƙarshen fom ɗin kuma akwai inda zai tabbatar cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. To wannan gurbi da kuke latsawa da yatsa ɗaya, ko karantawa ba ku yi, shi shari'a ke kira shaida.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa wa sahabbai mafiya girman zunubai. Ya ambaci shirka, ya ambaci saɓa wa iyaye. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. Mu kuwa mun taƙaita shaidar zur ga gaban alƙali, kamar in babu rawani da sanda babu zunubi. Alhaji, kai da ke da kamfani da hatimi a aljihun tebur, ɗan ƙanwarka ya zo ya ce ka rubuta masa cewa ya yi maka manaja shekara biyar, alhali ko mabuɗin ofishinka bai taɓa riƙewa ba, ka sa hannu ka buga hatimi kana ganin zumunci ka yi. Shaidar zur ka yi da hannunka, kuma sunanka da lambar wayarka suna jikin takardar. Ran da masu duba takardun za su kira don tabbatarwa, dole ka ƙara wata ƙaryar da bakinka.

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta: "Ai Malam Turawa ne, su ma sun kwashe mana dukiya lokacin mulkin mallaka." Bari in ba ku labarin Huzaifa ɗan Yaman, yana cikin Sahihu Muslim. Shi da mahaifinsa kafiran Ƙuraishawa sun tare su a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, ranar da Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne kawai, kowane takobi ana bukatarsa. Annabi ya ce su koma, a cika wa mutanen alkawarinsu, a nemi taimakon Allah. Alkawari ne da aka ɗaukar wa maƙiya masu zare da takobi, amma bai yarda a karya ba. Ina ga ƙasar da ba ta yaƙe ka ba, kai ka je ka ƙwanƙwasa mata ƙofa? Malaman fiƙihu sun ce wanda ya shiga ƙasar wasu da aminci, ha'intarsu ta haramta gare shi, biza kuwa ita ce amincin wannan zamani. Ku tuna kuma da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a fadar Najjashi. 'Yan gudun hijira ne, wakilan Ƙuraish na neman a mayar da su, aka tambaye su matsayin Annabi Isa a gaban manyan limaman Kirista. Da ya so ya lanƙwasa magana da ya yi, amma ya faɗi abin da yake, Allah kuma Ya ba su zama.

Kuɗin da ake zubawa a asusu kuwa laifi biyu ne a ƙunshi ɗaya. Dokar Kanada ta ce kada kuɗin ya zama na aro, kuma wasiƙar banki sai ta nuna matsakaicin abin da ya zauna a asusun cikin wata shida, da basussukan da ake bin ka. Ka ce naka ne, ga ƙarya. Ka biya mai kuɗin kaso a kan abin da ya ranta maka, ga riba tsagwaronta, ko da an raɗa mata suna kuɗin hidima. In mahaifinka ko yayanka zai ba ka kyauta ta gaskiya, wadda ba zai dawo ya karɓa ba, a rubuta a sa hannu, wannan babu laifi.

Akwai mai zuwa kotu ya rantse ya rage shekaru, don a Kanada makin shekaru na fara raguwa daga 30, ya ƙare ƙaƙaf a 45, Ostareliya ma ba ta karɓar wanda ya kai 45 a manyan hanyoyinta na ƙwararru. Rantsuwar ƙarya da gangan ita ake kira yaminul gamus, mai dulmiyar da mai ita. Akwai mai ɗaura auren takarda da matar da ko hannunta ba zai taɓa ba, aure ya zama hajar kasuwa. Akwai mai cusa ɗan wansa cikin jerin 'ya'yansa, ya canza masa uba, alhali hadisi ingantacce ya yi gargaɗi da haramcin Aljanna ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Har na ji masu cewa a Maraɗi ko Damagaram aka haife su don su shiga cacar bizar Amurka, saboda tun zagayen 2015 aka cire 'yan asalin Najeriya daga cikinta. Duk wanda ya karɓi kuɗinka yau don ya shigar da kai cikinta a matsayin haifaffen Kano ko Zariya, damfararka ya yi.

Ko ta fuskar duniya ma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kanada na hana wanda aka kama da ƙarya shiga ƙasar shekara biyar, Birtaniya na iya kai shi goma. Ba sa karɓar uzurin "ejan ne ya cike mini", kai ka sa hannu, kai za ka ɗauka. Kuma abin ba ya mutuwa don ka sauka daga jirgi. A 2023 wasu ɗaliban Indiya a Kanada, da suka gama karatu suka kama aiki, sai da suka zo neman izinin zama na dindindin aka gano takardun shigarsu makaranta na jabu ne, wani dillali ya haɗa musu shekaru da suka wuce. Izinin zama ana ƙwace shi, shaidar zama ɗan ƙasa ma ana soke ta in ta tabbata da ƙarya aka samo. Ka gina gida, yaranka suna makaranta, kullum gabanka na faɗuwa in ka ga ambulan daga hukuma.

Dillalan nan ku yi hattara da su. Takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci ta Birtaniya ba kayan sayarwa ba ce, kamfanin da zai ɗauke ka shi ke biyan kuɗinta. Amma mutanenmu sun sayar da filaye da gwala-gwalan mata sun saye ta da miliyoyi, suka isa can suka tarar babu aikin, wani lokaci babu ma kamfanin. Tun Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar su daga waje ɗungurungum. Kanada ma a Maris na 2025 ta cire makin da take ba mai takardar tayin aiki, saboda cinikin takardun ya yi yawa. Kun ga yadda ƙaryar wasu ta toshe wa masu gaskiya ƙofa. Wannan ma haƙƙi ne, kuma za a tambaya.

"To Malam, mu zauna ke nan?" A'a. Makinka bai kai ba, ka koma ka sake jarrabawar, har sau uku in ta kama. Shekara biyu gare ka a aiki, ka rubuta biyu, ko ka yi haƙuri ka cika uku. Ga wata ƙofa da mu 'yan arewa muke kwana kusa da ita ba mu gani: Faransanci. Kanada na ƙara har maki 50 ga mai shi, tun 2023 kuma take ware gayyata ta musamman ga masu jin sa, da ma'aikatan lafiya, da masu sana'ar hannu. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar nawa ce? Kuɗin da za ka ba dillali ya ishe ka malamin Faransanci na shekara guda. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a takardar WAEC da NIN da fasfo, in sun saɓa ka gyara su zuwa ga gaskiya tun yanzu. Fom ɗin kana iya cike shi da kanka a shafin gwamnatin Kanada na intanet, in kuma sai ka ɗauki mai taimako, ka duba ko yana da lasisi a rajistarsu.

Sauran haƙƙoƙin kun san su, tunatarwa ce kawai. Tsohuwar da ba ta da mai kai ta asibiti sai kai, a nemi yardarta da gaske, ba a sanar da ita ana gobe tafiya ba. Matar da za ka bari da "in na daidaita zan aiko miki", ka yanka mata lokaci, ta yarda ko ta ƙi. An ruwaito Sayyidina Umar bai yarda ko mayaƙi ya wuce 'yan watanni bai dawo ga iyalinsa ba. Likita ko nas da gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin karatunsa bisa sharaɗin zai yi wa jama'a aiki na wasu shekaru, ya cika su ko ya biya, Suratul Ma'ida da cika alkawari ta buɗe.

Saurayin nan kafin mu rabu na tuna masa hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, na mutumin da ya yi doguwar tafiya, gashi a hargitse, jiki duk ƙura, yana ɗaga hannu yana kiran Ubangiji, amma cinsa da shansa da tufarsa duk haram, aka ce ta yaya za a amsa masa. Na ce masa matafiyi ne fa aka ba da misali da shi, wanda addu'arsa ta fi kusa da karɓuwa. A can ba ka da uwa ba ka da uba, ranar da ƙanƙara ta rufe ƙofa, aiki ya tsaya, kuɗin haya ya zo, addu'ar nan ita kaɗai gare ka. Ya yi shiru, ya ce zai je ya yi tunani. Har yau bai dawo ba, ina nan ina jiransa.

Ku da kuke da fom a waya yanzu haka, ku buɗe shi daren nan ku karanta layi-layi, duk inda ba haka ba ne ku goge tun ba ku aika ba. Wanda ya riga ya aika, ya janye ko ya nemi lauya mai lasisi ya nuna masa yadda zai gyara, ya kuma tuba. Ku kuma iyayenmu masu kamfani da hatimi, in yaro ya zo neman wasiƙa, ku rubuta masa iya abin da ya yi, in kuna da hali ku ƙara masa da kuɗin jarrabawa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.