"Na yafe": magana ce ko aiki?

A ajin ilimin harshe an koya mana cewa akwai maganganun da faɗinsu shi ne aikinsu: "na yi alkawari", "na rantse", "na yafe". Da ka furta, shi ke nan, abin ya tabbata. To amma yafiya fa, haka take?

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zanga kan zanen Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙone majami'u, wutar ta iso har garinmu Gure. Lokacin ina yaro. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu a ɗakinsa. Cikin masu jifa kuwa har da wanda muke buga ƙwallo tare.

Bayan sati guda mahaifiyata ta ce ta yafe. Na ce, "Inna, ai jiya na ji kina kuka." Ta ce, "Kai, ƙofar gidan da ka share jiya, yau ba rairayi?"

Duk ɗan Gure ya san amsar. Ka share da safe, iska ta maido shi da marece.

A Matta sura 18 Bitrus ya ɗauka yafewa sau bakwai ta isa, Yesu ya nuna masa abin ya wuce lissafi. Da, na zaci laifuffuka masu yawa ake nufi. Yanzu na gane laifi guda ma yakan buƙaci yafiya kowace safiya. Baki yana furtawa sau ɗaya, zuciya ce mai shara.

Har yau in na gamu da abokin nan a tasha, gabana na faɗuwa. Amma ina miƙa masa hannu.